Injin da Yaya Ya Zaɓa

Farfelar ta sake dukan yatsan Auta, ya ja tsaki ya cusa yatsan a baki. Ɗacin kananzir da man zurma ya cika masa harshe. Tun da gari ya waye yake duƙe a ɗakin baya, inda rabi kekunan ɗinkin mutane ne ke jiran gyara, rabi kuma ƙananan jirage ne rataye da zare, yana fama da ɗan injin da bai fi babban yatsa ba. Ya kaɗa farfela, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sassauta ɗan sukurun da ke kansa, ya sake kaɗawa. Ko gezau.

"Haba Tsohuwa," in ji shi. "Duk ranakun duniya ki rasa ranar nuna hali sai yau?"

Tsohuwa shi ne sunan da shi da yayansa suka laƙaba wa injin, don ta girmi 'ya'yansu duka. Yaya ne ya sayo ta tun yana saurayi, kuma shi ya jefa Auta cikin wannan haukan na gina jirage, irin na da, na kafin zuwan rimot. Ka fere itace mara nauyi, ka jera haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, ka lulluɓe da takarda shara-shara, ka ɗura mai ɗan kaɗan, ka tayar da inji, ka saki. Shi ke nan, ka gama naka. In man ya ƙare jirgin ya yi ta shawagi yana zagaye har ya sauko. Duk wata dabara da kake da ita a kan tebur za ka zube ta, don in ya bar hannunka ko ihu ka yi ba ya ji.

Jirgin da ke kan teburin yau, ja da rawaya, shi ne na ƙarshe da Yaya ya fara. Ya gama fiffike da jela kafin idonsa ya ci amanarsa. Hawan jinin ido ne, ya yi ta cinye ganinsa daga gefe-gefe, har abin da ya rage masa ya zama ɗan fili a tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce wannan ɗin ma tafiya zai yi. Shi ya sa 'yarsa, wadda kowa ke kira Nas, ta zo za ta tafi da shi garin da take aiki, kuma yau ne tafiyar. Abu ɗaya tsohon ya roƙa: ya ga jirgin nan a sama da idonsa kafin ya shiga mota.

Ranar da ya miƙa wa Auta ragowar aikin ya ce, "Tsohuwa za ka ɗaura masa."

"Yaya, jirgin nan ya fi ƙarfinta. Dubi faɗin fiffiken."

"Na ce Tsohuwa."

"To, Yaya."

Ka ji fa. Mutum da furfurarsa da jikokinsa, amma har yau in Yaya ya ɗaga murya amsar ke nan. Shi bai faɗi dalili ba, Auta kuwa bai tambaya ba, don haka suka saba tun suna yara, ɗaya ya ba da umarni, ɗayan ya yi gunaguni a ciki.

Ya bi umarnin kuwa. Shekaranjiya ya kai jirgin fili gwaji. Tsohuwa ta tashi bayan ta gama jan rai, jirgin ya ɗaga da ƙyar, ya yi ta zagaye a hankali daidai tsayin sandar lantarki, man na ƙarewa ya zame ya zauna a ciyawa. Dogo, abokinsu na fili tun da daɗewa, ya riƙe ciki yana dariya.

"Wannan jirgi ne ko agwagwa? Wallahi in Yaya ya ga haka sai ya ce ka ɓata masa aiki. Ungo nan." Ya zaro sabon inji daga jakarsa, sai ƙyalli yake. "Kaɗawa ɗaya ya tashi. A yi wa dattijo sallama ta mutunci mana."

Auta ya ce a'a, amma hannunsa ya karɓa ya sa a aljihu.

Yanzu ga sabon injin nan a gefen tebur yana kallonsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya goge hannu a wando ya ɗauka. Nas ce.

"Baba Auta, ina kwana? Mun gama loda kaya. Ta filin za mu biyo, amma don Allah kar a daɗe. Hanyar da nisa, ba na son dare ya same ni a kan titi."

"Ku taho, a shirye nake."

A shirye ina! Ya dubi Tsohuwa, mai na tsattsafowa ta gefenta. Ya san ciwonta sarai, mai ta sha ya yi mata yawa. Ya san maganin ma: a kifa ta a zubar, a ajiye ta a rana ta ɗan yi ɗumi, a dawo a lallaɓa ta. Haƙuri kawai take so, shi kuwa yau haƙurin ne babu. Ya hango kansa a tsakiyar fili yana kaɗa farfela yana haɗa gumi, Nas na duba agogo, Dogo na ƙunshe dariya, Yaya zaune yana jira har a ce masa ya tashi a tafi. In ta ƙi tashi a can fa? Shi ke nan Yaya zai tafi bai ga komai ba.

Abin da ya gaya wa kansa ke nan, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai wata maganar a ƙarƙashi wadda bai so ya tono ba. Yana so ko sau ɗaya jirgin da ya fito daga hannunsa ya tsaga sama a gaban Yaya, har tsohon ya riƙe baki ya ce, "Kai, Auta!"

Ya ɗauko sukudireba. A ba shi haƙƙinsa, ba aikin ganganci ya yi ba. Ya kwance Tsohuwa ya ajiye ta a kan tsumma, ya ɗaura sabon, ya cusa ɗan siririn katako a bayansa don ya ɗan sunkuyar da kai, kada ƙarfin ya sa jirgin ya wuntsila. Ya ɗora fiffiken a kan yatsu biyu ya gwada nauyi, ya ga hanci ya rinjaya, ya liƙa ɗan dalma a jela. Ya nannaɗe jirgin a tsohon zanen gado, ya fita da sauri ko ƙofar ɗakin bai ja ba.

Filin yana bayan wata tsohuwar masana'anta da aka rufe, ciyawa ce shimfiɗe har zuwa layin bishiyoyi, bayansu babban titi, bayan titin kogi da gidaje. Dogo ya riga shi isowa. Yana buɗe zanen ya ga hancin jirgin ya washe baki.

"Yawwa, ko kai fa!"

"Rufe min baki," in ji Auta. "Kar ka kuskura ka faɗa."

Motar Nas ta shigo a hankali, akwatuna har sun toshe gilashin baya. Ta fito da kujerar naɗewa, sannan ta kamo hannun mahaifinta. Ya sa fararen kayansa na fita, har da turare. Auta ya rusuna ya gaishe shi.

"Ina yake?" in ji Yaya, ko gaisuwar bai gama amsawa ba.

Auta ya miƙa masa ta wajen fiffike. Yatsun tsohon suka bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗan ƙwanƙwasa takardar da farce ya saurari ƙararta.

"Ta ja da kyau. Ashe ka fara koyo."

"Sai yanzu, Yaya? Bayan na tsufa?"

"Wa ya ce ka tsufa? Ni ban ga furfurar ba."

Aka yi dariya, har Nas. Hannun Yaya ya zarce zai shafo hancin jirgin, Auta ya yi wuf ya janye.

"Akwai mai a nan, zai ɓata maka riga."

Yaya ya janye hannunsa. Ya zauna, ya juya kai yana neman wani abu. "Nas, juya min kujerar nan ta fuskanci bishiyoyin can. Ƙara kaɗan. Yawwa. Ja da rawaya a kan kore, ko ni zan gani." Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa. "Tsohuwa ba ta da gaggawa, ba za ta wuce da shi kan bishiyoyin ba. In na kama shi a idona zan bi shi a hankali har ya sauka. Abu mai gudu kuwa, in ya kufce min sau ɗaya, ba na ƙara samunsa."

Sai yanzu Auta ya gane. Ashe dalilin ke nan. Yaya ya fi kowa sanin jirgin ya fi ƙarfin Tsohuwa, rashin ƙarfin nata yake so. Ga ta can a kan tsumma a ɗaya gefen gari, zuwa da dawowa kaɗai zai cinye safiyar, balle a ce sai an lallaɓa ta.

"Baba Auta, bisimilla," in ji Nas, ta ɗan dubi agogonta.

Ya buɗe baki zai yi magana. Magana ɗaya ce, ya ce, "Yaya, na yi kuskure, ku ba ni lokaci." Ta ƙi fitowa. Kunya ce ta hana shi, kunyar yaron da aka aika ya sayo wani abin daban. Dogo ya matso ya raɗa masa, "Rage man kawai, ba zai yi nisa ba."

Ya kama wannan shawara hannu biyu. Ya ɗiga man da bai kai rabin na kullum ba. Ya kunna ɗan lagwanin da ke jela, wanda in ya ci ya kai ga robar da ta ɗaure ta, jelar za ta ɗage jirgin ya sauko. Dogo ya riƙe masa, ya kaɗa farfela.

Kaɗawa ɗaya kuwa. Injin ya tsala ihu mai kaifi, ba irin gurnanin Tsohuwa ba. Kan Yaya ya zabura. Wanda ya yi shekaru yana kwana yana tashi da muryar inji ba a yi masa wannan ƙaryar. Ya ɗaga hannu, bakinsa ya motsa, ƙarar ta haɗiye abin da ya faɗa. Auta ya karɓi jirgin yana jin yana fizgar hannunsa. Ya ga hannun Yaya a sama sarai, amma ya saki.

Jirgin bai ko kalli bishiyoyin ba. Ya ɗaga hanci ya miƙe sama yana murɗawa, kafin ka ce me ya zama ɗan ɗigo.

"Kai! Kai! Dubi tafiya!" Dogo na tsalle yana buga cinya. "Wallahi ban taɓa ganin hawa irin wannan ba!"

Auta bai ƙara ɗaga kai ba. Ya juya ya tsaya ƙiƙam yana kallon yayansa. Fuskar tsohon na kan bishiyoyin, inda ya shirya tarar jirginsa. Sannan ya fara juya kai a hankali, dama, hagu, ya ɗan ɗaga, ya dawo. Can sama injin ya mutu, filin ya yi tsit. Yanzu ko ƙarar da zai bi babu.

Nas ta durƙusa a gefensa, ta tallafo haɓarsa tana nuni. "Baba, ga shi can, saitin hannuna. Sama kaɗan. Ka gan shi?"

"Na gan shi," in ji Yaya. "Na gan shi. Ma sha Allah."

Har da ɗan tafi. Amma Auta na ganinsu su uku: fuskar Nas da ta Dogo gefe ɗaya suke kallo, ta Yaya wani gefen daban. Da zaginsa Yaya ya yi a gaban kowa da ya fi masa sauƙi.

"Iskar sama ta ɗauke shi," in ji Dogo, murnarsa ta fara raguwa. "Ya tsallake titi. Jelar ta ɗage, amma ya yi nisa da yawa, ba nan kusa zai sauka ba. Bari in bi shi!" Ya ruga ya hau babur ɗinsa. Duk wanda ya san wannan wasa ya san jirgin da ya haye kogi ya shiga cikin gidaje ba a cika ganinsa ba, balle a yau.

Suka jira. Nas ta yi ƙoƙari, ta ƙara musu lokaci fiye da yadda ta yi niyya, tana kai da komo a gefen mota. Dogo ya bugo waya ya ce yana bin lungu-lungu yana tambaya, ba wanda ya ga komai. Daga ƙarshe ta zo ta tsaya a gabansu.

"Baba, sai haƙuri. Rana ta yi."

Auta ne ya kama hannun Yaya zuwa mota. Ya ji hannun ba nauyi, bai san yaushe ya rame haka ba. Ya zaunar da shi, ya ɗaura masa bel, ya gyara masa gefen riga kada ƙofa ta cije. Yana ta jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Nas ta zagaya baya tana neman inda za ta cusa kujerar.

Yaya ya riƙo hannun rigarsa ya jawo shi kusa, ya rage murya yadda 'yar ba za ta ji ba.

"Auta. Da injin ya mutu, yaya ya yi? Fiffiken ya kwanta a kan iska, ko dungure ya yi ta yi?"

Ga ƙarya nan a kan harshe, mai sauƙi, kuma ba mai ƙaryata shi. Zai iya cewa ya kwanta lumui, ya yi zagaye mai faɗi kamar yadda aka gina shi. Ya dubi idanun da ke neman fuskarsa ba su same ta ba, nasa idanun suka ciko.

"Ban gani ba, Yaya. Kai nake kallo."

Yaya ya saki rigar, ya ɗan gyaɗa kai.

"Ashe dai mu biyu ne ba mu gani ba," ya ce. "Rufe min ƙofar."

Auta ya rufe ta a hankali, Nas ta shiga ta ja mota.