Saura Sauyi Ɗaya

Allon ya yi baƙi a karo na uku, mutum arba'in da biyu suka juyo suna kallona kamar ni na ƙera faifan fim ɗin.

"Eilif," na ce, haƙorana a cije, "ka ce mini ka gwada jiya."

"Kwamfutar na gwada, Yaya Torunn. Faifan ne ban gwada ba."

Ƙanena ke nan. Shekara arba'in da shida, gemu har ƙirji, gyaran kwamfuta yake yi a garejin gidansa. Tun da ya gano Linux ya daina hira sai wa'azi: manhajar da ba ta da ubangida, kowa na iya leƙa cikinta, 'yanci, 'yanci. Yau ga 'yancin nan a gabanmu, baƙi ƙirin.

Gwaggo Gunvor ce ta cika shekara casa'in. Abu ɗaya ta roƙa, fim ɗin da ta kalla a garin Bodø ranar da marigayi mijinta ya fara riƙe hannunta. Mun neme shi mun rasa, sai ɗanta da ke Kanada ya samo faifan ya aiko. Ni na karɓi makullin zauren ƙauye, ni na toya wainar wafel har hannuna ya sage, ni na yanka cuku. Rabin baƙin daga tsallaken ruwa suka zo, jirgin fito na ƙarshe kuma ƙarfe huɗu da rabi zai tashi. Fim ɗin awa ɗaya ne da minti arba'in. Agogon bango ya nuna biyu da kwata.

"Kulle faifan suka yi," in ji Eilif, yatsunsa na gudu. "Masu fim ne, don kada a kwafa. Akwai wani ɗan guntun manhaja da ke buɗewa, amma ba ya zuwa da Linux, sai mutum ya sauko da shi da kansa."

"To sauko da shi."

"Zauren nan ba intanet."

Na fizgi wayata, na ja shi har kicin, na miƙa hannu ta taga inda ake samun layi ɗaya na sabis in iska ta ga dama. Ruwan sama yana gangaro mini cikin hannun riga. Daga cikin zaure muka ji muryar Oddvar, tsohon masuncin da ba ya raina abin tsokana.

"Injiniya, ko mu aiko maka da guduma?"

Aka yi dariya. Eilif ya yi kamar bai ji ba. Minti tara muka yi a haka kafin ya ce ya sauka. Muka koma, ya sa faifan, na'urar karanta faifai ta kwamfutar ta yi ƙugi, ta yi ƙugi, ta tofo wani jan rubutu.

Biyu da minti talatin da biyar.

"Yanzu kuma mene ne?"

Ya shafa gemu. "Yanki."

"Yi mini bayani irin na mutane."

"Sun raba duniya yanki-yanki. Faifan Kanada na yanki na ɗaya ne, mu muna na biyu. Yawancin na'urori in an sa musu abin da na sauko da shi ba sa damuwa. Wannan mai taurin kai ce."

"Ana iya sauya mata yankin?"

"Ana iya. Sau biyar kawai a rayuwarta. An riga an yi huɗu." Ya nuna mini lamba ɗaya a ƙasan allo. "In na sauya yanzu, ta zama 'yar Kanada har abada. Faifan ƙasar nan ba zai ƙara tashi a cikinta ba."

"Sauya."

"Ba zan sauya ba."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. "Shekara goma kana cika mana kunne cewa kwamfutarka ba mai ba ta umarni sai kai. Yau ta zo ta ce maka sau biyar, ka tsaya kana rawar jiki?"

"Ba laifin Linux ba ne, a jikin ƙarfen suka dasa abin. Yaya, ki ba ni awa ɗaya, akwai wata hanya."

"Awa ɗaya? Sai ka nuna wa kujeru."

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. Tana zaune a layin gaba cikin kayan bikinta, ƙugiyar azurfa a ƙirji, kofinta ya huce tuntuni.

"Ku bar shi, yara," ta ce. "Na san yadda ya ƙare. Dama so nake in ga ko jarumin yana da kyau kamar yadda nake tunawa."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na ture Eilif da kafaɗa, na zauna a kujerarsa. Umarnin yana rubuce, tambaya ɗaya ta rage, e ko a'a. Ya kama hannuna, na doke nasa.

"Yaya, ki saurare ni, kwamfutar nan..."

Na danna.

Na'urar ta yi shiru, sannan ta ɗauka. Haske ya cika allon, kiɗa ya cika zauren, Oddvar ya fara tafi. Uku saura kwata. Gwaggo ta gyara tabarau, ta ce a kashe fitila, aka kashe. Eilif ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, fuskarsa ba jini.

"Ka daina wannan fuskar," na ce masa ƙasa-ƙasa. "Na'ura ce, ba uwarka ba."

Ƙofa yake kallo.

Wata doguwar mace ce tsaye a bakin zauren, ba wanda ya san ta, rigar ruwanta tana ɗiga, ta rungumo kwali cike da faifai.

"Wane ne Eilif a nan?" ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Ni ce sabuwar malamar makaranta. Batir kawai na aika masa da kwamfutata ya sauya, kuma gobe da safe da ita da faifan nan zan koyar." Idonta ya sauka kan kwamfutar da ke teburin majigi, ta matso taku biyu. "Waccan tawa ce?"