Rabin Aski

Mai aski ya ɗaura wa mahaifinsa zane a wuya, ya gyara masa matashi a kan gadon asibitin. Tsohon ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"A hankali, ɗan nema," in ji tsohon. "Kan nan guda ɗaya gare ni."

"Baba, kai fa ka koya min aikin nan."

"Ai shi ya sa nake tsoro."

Injin ya fara ƙugi, furfura tana zuba a kan zanen. Mai aski ya daɗe da daina yarda cewa akwai wani abu bayan mutuwa. Bai yi faɗa da kowa ba, abin ne ya tsiyaye masa a hankali kamar ruwa a bokiti mai huda, kuma matarsa kaɗai ta sani. Tun da likita ya ce tsohon ba zai tashi ba, maganar ta dawo masa sabuwa. A shago sai ya tsaya yana kallon gashin da ke ƙasa. A aske yau, ya tsiro gobe, wata rana kan ma babu shi. To duk na mene ne?

"Uwarka na can tana jirana," in ji tsohon. "Ka san ta da mita, cewa za ta yi na makara. Kai ma in naka ya zo, ka same mu."

Mai aski ya matsa da injin bayan kunnen tsohon.

"Na yi shekaru ina riƙe kawunan mutane, na san hannun da ke ɓoye magana. Faɗi."

"Baba, ni ban sani ba ko akwai can ɗin. Na nema, ban samu ba. Tsoro nake ji, in ka tafi ka tafi ke nan."

Ya tsaya yana jiran tsawa. Abin da ya fi tsoro shi ne tsohon ya juya fuska ga bango, su rabu a haka. Tsohon ya daɗe yana kallon fanka tana juyawa.

"Ni dai na san inda za ni," ya ce. "Kai kuwa tun kana rarrafe kake da taurin kai. Zan roƙa maka, ko kana so ko ba ka so."

"To ni yanzu yaya zan yi, Baba?"

"Kashe injin."

"Saura gefen hagu."

"Bar shi. Gobe ka zo ka ƙarasa. Jibi kuma gemu, shi ma rabi-rabi za mu yi. Ba na barin gari da rabin kai, uwarka ta yi min dariya."

Nas ta shigo da magani, ta kalli kan tsohon, dariya ta ƙwace mata.

"Baba, wane irin aski ne wannan?"

"Sabon yayi ne, 'yata. Mai askin nawa ɗan koyo ne, sai a hankali."

Mai aski ya kwance zanen, ya kakkaɓe wa mahaifinsa wuya da kafaɗa. Ya ɗauki injin zai sa a jaka, sai ya fasa. Ya laluba bayan gadon, ya jona shi a caji.