Bishiya a Gonar Aro

Dashen maɗaci da na ɗorawa cikin baƙaƙen ledoji. Buhun taki. Jarkokin ruwa. Diga. Goro na Baba Yamusa. Abin da ke bayan motar ke nan sa'ad da muka wuce Karu. Fortune direba yana tuƙi, ni ina kallon titi.

"Anti Mashkura, duk karatun Turai ɗin a shuka itace ya ƙare?"

"Eh."

"To, sannu da aiki, oga."

Aikina ke nan a can: auna yadda ganye ke shan hasken rana, ya zuƙe iskar kabon da ke ɗumama duniya, ya mai da ita itace. Muddin bishiya na tsaye, iskar na ɗaure a jikinta. Na dawo bayan rasuwar mahaifina, ban tarar da jana'iza ba. Ban yi kuka ba. Dashe na saya.

Gonar tana bayan Kurudu, tsakanin gidajen da ba a gama ginawa ba. Ta aro ce. Baba Yamusa ya ara wa mahaifina tun kafin a haife ni. Yanzu Inna ke noma ta, da ita take ci.

Na same su su biyu a gefen gonar. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro. Ya leƙa bayan mota.

"Wannan fa, yarinya na?"

Na yi bayani. Ya saurara har ƙarshe.

"Magana mai kyau ne. Zafin, ni ma ina ji. Amma a nan, mai aro abin da zai girbe yake shukawa. Bishiya sai mai ƙasa. Ran da yarana suka ga itace, za su ce kin zo cin gona. Za su karɓe, ni ba zan iya hanawa ba."

"To ka dasa da hannunka, Baba."

Ya yi dariya. "Ki dube ni da kyau. Ana binne ni, masu gini zai zo da katafila."

In aka sare aka ƙona, iskar ta koma sama. Ba sai na faɗa ba.

Inna ba ta dube ni ba. "In aikinki ne, ki dasa," ta ce. "Dama na gaji da noma."

Irin masara yana ƙulle a bakin mayafinta. Tun daga gida ta zo da shi.

Na tsaya ko zan ji wani abu a raina. Shiru. Fortune ya riga ya fara jera ledojin a ƙasa.

"Mayar da su," na ce.

"Anti, mu kai su ina?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya mayar. Na rufe ƙofar bayan motar.

"Inna, ki shuka masararki. Ba zan dasa ko ɗaya a nan ba."