Darasin Ajiye Waya

Wata bakwai na yi ina gadin idon 'yata Auta. Tun ranar da 'yan iska suka taru a kan yayanta a tashar mota, a kan gardamar da ba ta taka kara ta karya ba, wani ɗan banza ya tsaya yana ɗauka da waya maimakon ya raba. Kafin mu kai shi makwancinsa bidiyon ya zaga gari. Ni ban kalla ba, na kuma rantse Auta ba za ta kalla ba. Shekararta sha huɗu, kuma a kafaɗarsa ta girma.

Na ƙwace wayarta na kulle a durowar keken ɗinkina. Na bi gidajen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya ina roƙon iyayensu, wadda ta ɗaga min hanci na wanke ta tas. Har suna aka sa min a layinmu, wai 'yar sanda. Ko a jikina.

Sai makarantarsu ta aiko da takarda: an kawo na'urar da za ta koya wa yara kauce wa munanan bidiyo, ana son iyaye su zo su gani. Na ce rigakafi ya fi magani. Ba har abada zan riƙe makullin durowa ba.

A ɗakin karatu aka jera kujeru shida, kowace da wani ƙaton tabarau mai maɗauri. Mai kwamfutar da ke sarrafa su mutum ne mai sanƙo da yawan bayani.

"Mama, in ta sa wannan za ta ga kanta a falo, da waya a hannu. Bidiyo zai shigo. Abin da ake so, ta kife wayar kafin daƙiƙa biyar."

"Me za ta gani a ciki?"

"Zane ne kawai, ba jini, ba fuskar kowa."

Na sa hannu a takardar amincewa. Ban tambaye shi abin da za ta ji ba, shi ma bai faɗa ba.

Aka ɗaura musu. Muna tsaye muna kallon yara suna lalube a iska kamar masu neman ashana a duhu, wasu iyayen har da dariya. Ɗaya bayan ɗaya suka kife hannu, allon mai kwamfuta yana nuna kore. Saura Auta. Maimakon ta kife, sai ta ɗaga hannun nan da babu komai a ciki ta manna shi a kunne. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Kife mana, 'yan mata," in ji malamarsu. "Lokaci ya wuce."

Ban san sanda na tsallake wayar lantarki da kujera ba. Na fizge tabarau ɗin, maɗaurin ya tafi da ɗankwalinta. Daga 'yar lasifikar da ke jikinsa na ji hayaniya, na ji ƙarar duka, sannan na ji muryar da na yi wata bakwai ina roƙon Allah ya nuna min ko a mafarki.

"Don Allah kar ku ɗauka! Ƙanwata za ta gani!"

Na zauna a ƙasa da abin a cinyata. Da ya ji muryar ɗana ce, mai kwamfuta ya zo yana ba ni haƙuri. Wai da farko 'yan wasa suka sa suka yi ihun, yara suka yi ta dariya, shi ya sa suka koma yanko sauti daga bidiyon gaske. Wai wannan ya fi kowanne shiga zuciyar yara, don shi wanda ake duka da bakinsa yake roƙo. Wai ba su san ɗan waye ba.

Zagin yana nan cike da ƙirjina, amma wa zan zaga? Ni na riƙo hannunta na kawo ta, ni na sa hannu a takarda. Baƙin cikin ranar ya fi na ranar da aka kawo min gawarsa, don a waccan ranar ban san ya yi magana ba.

Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa gabana. Sai lokacin na lura har yanzu idanunta a runtse suke gam, hawaye na fitowa ta gefe. Ta laluba ta kama hannuna.

"Umma, ban gani ba," ta ce. "Wallahi tun da na ji muryarsa na rufe ido. Ki gaya wa Yaya ban gani ba."