Akwatin da Ya Jiƙa Buzun Tabawa

"Fitsari ne," in ji Tabawa. "A ɗauko mini jaki, Bande zan koma."

Ta ɗaga buzun sallarta, ruwa na ɗiga daga gefensa. Ɗanta Ɗalha ya tsaya a bakin ƙofa.

Ɗalha dillalin gyaɗa ne a Magarya. A shekarar da aka fara raɗe-raɗin Nasara za su tafi, wani Bature mai kanti ya haɗa kayansa, ya bar masa akwatin sanyaya ɗaki da suke ce wa kilimatiza, tare da injin wutar da ke juya shi. Uwar Ɗalha ta tsufa, kuma kowace bazara numfashi yake sarƙe mata har a fid da rai. Ya je ƙauyensu Bande ya yi ta lallashi, ya kawo ta. Wannan ya yi daidai. Abin da ya biyo baya ne wauta. Tsoron bakin mutane ya kama shi, ya sa magini ya huda bango ya cusa akwatin, ya yaɓe bayansa da laka, aka kuma jingina zana a kai, don kada mai wucewa ya san akwai wani abu a gidan.

Ga shi bazara ta kai ƙarshe, hadari na haɗuwa yana watsewa, iska ta yi nauyi. Akwatin na ta gurnani, sanyi babu, sai ruwa da ke bin bango yana taruwa a inda tsohuwa ke salla.

"Inna, ƙarfe ne fa. Ƙarfe ba ya fitsari."

"Ka ba shi ruwa ya sha?"

"A'a."

"To daga ina yake fid da shi? Abin da ban san asalinsa ba, ba na ɗora goshina a kansa. Gara zafin ɗakina ya kashe ni da tsarkina."

Ta fara ɗaure kayanta. Ɗalha ya san in ta hau jaki a ranar nan, da wuya ta kai Bande da numfashinta. Ya fita da gudu, babu ko hula, ya jawo Manzo magini daga kan wani gini, hannunsa duk laka.

Manzo ya zagaya bayan ɗakin, ya ture zanar, ya dafa yaɓen da ya yi, ya janye hannu da sauri.

"Kai! Wannan ai a gasa masa gurasa a kai! Maigida, abin nan naka zazzaɓi yake yi."

"Kai ka yaɓe shi!"

"Kai ka ce in rufe shi kamar rumbu, ko ɓera kada ya sami hanya. Na rufe. A gidan Baturen haka ka gan shi?"

Ɗalha ya sani sarai. A can gidan Baturen, bayan akwatin a waje yake, a buɗe, yana hura iska mai zafi, kuma ƙarƙashinsa akwai ciyawa kore shar, ko da rani. Ya buga cinya.

"Ciyawar! Manzo, ruwan waje yake zuba! Fasa! Fasa shi duka!"

Aka kashe injin. Manzo ya sa diga, laka ta zube, zafi ya bugo su kamar an buɗe maƙera. Can ƙasan akwatin suka ga wani ɗan rami, yaɓe ya toshe shi tam. Ɗalha ya karyo kara daga zanar ya soka. Ruwa ya tsarto masa a gaban riga, ya yi tsalle yana dariya kamar wanda ya haƙa rijiya ya tarar.

"Ga shi! Ga hanyarsa!"

"Dakata da rawa," in ji Manzo. Ya karkata kai ya rufe ido ɗaya. "Zamansa ma ba daidai ba ne. Cikin ɗaki ya rusuna. Soron da ya karkata ciki, ɗaki yake yi wa ruwa."

Ya shiga, ya ɗaga gaban akwatin, ya cusa tsingaro biyu, bayan akwatin ya sunkuya waje. Ya lanƙwasa guntun kwano ya liƙa a bakin ramin, ya zama indararo irin na soro, sai dai ƙarami. Ɗalha kuwa ya lura da wata raga a gaban akwatin, ya zare ta. Ƙurar ɓawon gyaɗa da yanar gizo sun dunƙule a kai kamar bargo. Ya wanke ta da kansa, ya mayar.

Ƙarar diga ta riga ta tara jama'a. Maƙwabta sun cika lungu, kowa na miƙa wuya. Abin da Ɗalha ya ɓoye ya fito fili, kuma babu wanda bakinsa ya ci shi.

Aka tayar da injin. Akwatin ya yi tari, ya kama. Jim kaɗan gefen mayafin Tabawa ya fara kaɗawa. Daga waje aka ɗauki sowa: "Yana ɗiga! Wallahi yana ɗiga!"

Tabawa ba ta saki ƙullin kayanta ba.

"Kun koya masa fita waje. Madalla. Har yanzu ba ku faɗa mini ko mene ne ba."

Ɗalha shi ma bai sani ba. Ya zare ragar ya leƙa. Bututan ƙarfe ne a ciki, sun yi sanyi ƙarara, ɗigo na tsattsafowa a jikinsu. Ya ruga ya ɗebo ruwan randa a kwanon sha, ya riƙe shi a bakin iskar har ya ɗau sanyi sosai, ya fita da shi tsakar gida, ya dawo ya durƙusa a gabanta. Bayan kwanon ya yi raɓa.

"Taɓa, Inna. Kwanon nan ya huje?"

Ta shafa. "Bai huje ba."

"To haka ƙarfen ciki yake yi in ya yi sanyi. Gumi ne."

Ta shinshina yatsunta. Ta sa aka kama ta ta miƙe, ta leƙa bututan da idonta, ta lakato ɗigo ɗaya ta sake shinshinawa.

"Gumi," ta ce. "To, mai aiki ne ke gumi. Gumi ba ya hana salla." Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ka toshe wa abu hanci da baya, ka ce ya yi maka aiki? Ko jaki ba a yi wa haka."

"Na tuba, Inna."

Ta zauna a bakin gado, ta ja numfashi mai tsawo, ya shiga ya fita babu sarƙewa. Sannan ta sa haƙori ta kwance ƙullin.

"Matan da na ji muryarsu a waje, ce su shigo su sha iska. Ku kuma maza ku ba mu wuri, ku ja mana ƙofa."