Likita Ya Ce Tsufa Ne

"Ɗaga ƙafar mana, Baba Eriya," na ce, ina tallafe da shi a ƙofar shagona na aski.

"Ba na jin ta, Wanzami."

Wandonsa ya jiƙe sharkaf, shi kuwa bai ma sani ba.

Shagonsa na gyaran rediyo, inda ya samo laƙabin Eriya, yana manne da nawa. Ya daɗe da wani ciwo mai rainin hankali: in ya miƙe tsaye ƙafafu su mutu, in ya sunkuya kan keke sai ya tuƙa lafiya lau. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa bara ƙaninsa Auta, wanda ya goya ya koya wa sana'a, ya raka shi asibiti don ya ji masa bayani. Da suka dawo Auta ya ce, "Likita ya ce tsufa ne." Har tsokana yake yi, "Mai tuƙa keke ne ba ya iya tsayuwa? Yaya dai akwai son jiki."

Ranar da ya jiƙe wandon na kai shi asibiti, likitan ya gane shi. Ya ɗauko ƙashin baya na roba, ya zura yatsa cikin ramin da ke tsakiyarsa. "Ta nan laka da jijiyoyi suke bi. Nasa ya tsuke yana matse su, sunkuyawa ce take ɗan buɗe shi. Bara na gaya wa ɗan'uwansa a yi aiki tun kafin fitsari ya fara kuɓucewa. Me ya hana?"

Da ƙarfi ya yi maganar. Wannan karon Baba ya ji.

Da Auta ya iso na tare shi a baranda, na tambaye shi dalilin ɓoye maganar likita.

"Da an yi aikin wa zai yi jinya?" ya ce. "Shagon fa, in rufe?"

Ko kai bai sunkuyar ba. Kaza, ci ki goge baki.

An yi aikin, amma a makare. Ƙafafun ba su dawo ba, gyambon kwanciya ya cinye masa baya, zazzaɓi ya shiga jini. Bai taɓa zagin kowa ba, ni nake zagin a madadinsa.

Ranar ƙarshe Auta ya shigo da hantsi, daidai lokacin da ake juya Baba a gado. Ya naɗe hannun riga.

"Yaya, bari in juya ka."

"Wanzami zai juya ni," Baba ya ce a hankali.

Na juya shi wajen bango, na gyara masa matashi. Ina riƙe da kafaɗarsa har ta daina ɗagawa da numfashi. Auta yana tsaye a bayana, hannun rigarsa a naɗe.