Ranar da Aka Ɗora Ni a Kan Fo

Jiya da dare wani irin mafarki na yi, kuma ni ba mai yawan mafarki ba ne. Walda nake yi, in na kwanta sai asuba. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai. 'Yata Walida shekararta biyu da wata tara. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana. Makarantar rainon da take zuwa sun ce ran Litinin za a raba aji: duk yaron da bai bar famfas ba zai zauna da jarirai, sauran su wuce gaba. Kwana shida ke nan ina ɗora ta a fo, in tsaya a kanta ina cewa, "Yi mana." Ba ta yi. Sai na sauke ta sannan ta jiƙa wando.

To sai ga ni a ƙofar makarantar, na saɓo Walida a kafaɗa. Get ɗin nan ni na haɗa shi da hannuna, amma na tarar ya koma na ƙuli-ƙuli, maigadi yana ɓantara yana ci. Na wuce abina, tunda aiki ya riga ya bar hannuna.

A filin makarantar fo ne birjik, ja da shuɗi da ɗorawa, suna kiwo kamar tumaki. Wani makiyayi yana tsaye da sanda a wuya. Na ce masa ina namu. Ya nuna wani kore a gefe, duk ya rame.

"Kwana shida bai sa komai a cikinsa ba," in ji shi. "Ku ji tsoron Allah."

Sai ga mu a ofis. Shugabar makarantar agwagwa ce mai tabarau, tana zaune a kujera mai juyawa. Ta duba Walida, ta duba takarda.

"In aka buga ƙararrawa fonta bai jiƙa ba, ajin jarirai za ta zauna har ta yi furfura," ta ce.

Na leƙa ƙarƙashin kujerarta, na ga abin da agwagwa ta saba yi duk inda ta zauna. Na ce, "Ranki ya daɗe, ke fa?"

"Ni na gama makaranta tuni. Kuma a nan da uba ake farawa."

Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina a tsakiyar aji, da gemuna da komai, sanye da gajeren wandon makaranta, ina zaune a kan fo. Gwiwoyina sun kai kunnena. Yara sun kewaye ni, kowa da babbar riga, hannu a baya. Walida ce a gaba, ta sa baƙin gilashina na walda.

"Baba, yi mana," ta ce.

Marata cike take kamar tankin ruwa, amma ko ɗigo. Wani yaro mai majina ya ce wa na kusa da shi, "Ƙato da shi." Rana ma ta sauko ta jingina da taga tana kallo.

Na ce, "Mamana, ku ɗan matsa mana."

"Kai kana matsawa?"

Na yi nishi, na yi zufa. Na taɓa ɗaga ƙofar ƙarfe ni kaɗai zuwa hawa na biyu, amma wannan ya fi ƙarfina.

Ana cikin haka Inna Tasalla ta shigo. Ita ce tsohuwar da ke yi wa yaran makarantar tsarki, a farke ma haka take, kuma tunda nake kai Walida ban taɓa ce mata fiye da sannu ba. Buta ce a hannunta, ruwan yana fita ta baki yana tashi sama, ita kuma tana kamo shi tana mayarwa ba tare da ta duba ba.

"Kowa ya ba shi baya," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk suka juya. Ta miƙa hannu ta taga ta juya fuskar rana kamar mai kife faifai.

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ƙafafun suka fita ta ƙofa, suka ratsa fili, suka tsallake kwata, har bakin titi, masu Keke Napep suna kaucewa. Yara suka tuɓe manyan riguna suka hau, suka jera a kan ƙwaurinta, yadda iyayenmu mata ke ɗora jariri a ƙafa in zai yi bayan gida. Sun fi arba'in, kuma ta san lokacin kowa. Sai ta ce, "Nafi'u, saura kaɗan," ko "Bara'atu, ke sai kin sha koko," alhali idonta yana kan zogalen da take tsinkewa a tire. Ni na yi aiki da injiniyoyi masu hular kwano, ban ga wanda ya san aikinsa kamar matar nan ba.

Ta ɗauke ni da hannu ɗaya kamar guntun rodi, ta aje ni a kan idon sawunta. Ta ci gaba da tsinke zogale tana yin "sss, sss" ta tsakanin haƙora.

"Uwarka ta iya dambu?" ta ce.

"Ta iya, Inna."

"Da rama ko da zogale?"

Ina cikin tunanin amsa abin ya zo da kansa. Ya tashi sama ya haɗa hadari, matan unguwa suka fito suna kwashe shanya. Ba wanda ya yi mini dariya. Inna Tasalla ta ce, "Madalla," ta miƙo mini buta.

Saura Walida. Agwagwa ta fito da ƙararrawa, ta ɗaga ta da fiffike ɗaya. Inna Tasalla ta yi fito, koren fon nan ya taho a guje. Ta ciro mayafinta ta rataya a kan iska, ya tsaya, ta sa Walida a bayansa.

"Kai kuma, uban 'ya, fuskanci bango. In ka waiga, ka ɓata mini aiki."

Na fuskanci bango. Wuyana yana ƙaiƙayi, yana son juyawa, na riƙe shi da hannu biyu. A jikin bango ina ganin inuwar ƙararrawa tana ƙara yin sama. Bakina ya buɗe zai ce "yi mana", na cusa hulata a ciki. Sai na ji wani abu a bayana, ƙurrr, ƙurrr.

Na buɗe ido. Gari ya waye, uwar Walida tana waje tana hura wuta. Ƙarar roba ce a kan siminti. Walida ce take jan fonta, ta kai shi lungun da ke tsakanin sif da bango, ta tsaya tana dubana. Na runtse ido na ja minsharin ƙarya. Can na ji tsurrr a cikin roba, ba wani mai yawa ba. Ban motsa ba, har ta zo ta ɗaga mini fatar ido da yatsa.

"Baba, buta."